Kafin a Ce a Shaƙa Mata Ta Yi Barci

Wata Litinin cikin watan jiya, wata mata mai ciki na huɗu ta zo asibitinmu da jakarta da fulas ɗinta, don washegari za a yi mata aiki a ciro ɗa. Haihuwarta biyu ta baya duk fiɗa aka yi mata, shi ya sa tun cikin yana wata bakwai likita ya sa rana. Na jawo kujera zan yi mata bayanin allurar baya, sai maigidanta ya zaro jarida a ninke daga aljihun gaba ya miƙo mini. Ya ce, "Sista, karanta nan tukuna. Mu dai a shaƙa mata ta yi barcinta, kada a taɓa mata baya." A tsaye na karanta. Makala ce ta wani marubuci da na daɗe ina bin rubutunsa, mai kaifin alƙalami, wanda in ya ɗauko maganar talaka sai ka ji kamar ka tafa masa. Wannan karon Malam ya shigo gonarmu, mu da aikinmu shi ne tsayawa a saitin kan mace tun daga kwantar da ita har ta farfaɗo. Kuma ya shigo da shawarar da in aka bi ta, wasu jariran za su tashi marayu.

Bari in kawo maganarsa yadda ya faɗe ta, kada a ce na yi masa ƙari. Ƙanwarsa aka yi wa aiki da allurar baya. Ta ce ta ji ana ja ana turawa a cikinta, ta ji ƙarar almakashi, ta ji ma'aikata suna hirar ƙwallo a kanta, ta yi magana ba wanda ya kula. Bayan aikin ta yi kwanaki kanta yana sarawa, kuma har yau, in ji shi, bayanta bai koma daidai ba. A kan wannan Malam ya gina hujjarsa. Ya ce yanka cikin mace idonta biyu rashin imani ne, tunda Allah ya hore wa likitoci iskar da za a shaƙa wa mutum ya yi barci bai san wainar da ake toyawa ba. Ya ce allurar baya tana barin mata da ciwon baya na har abada, wasu ma ƙafafunsu su shanye. Ya ce Turawan da suka kawo mana asibiti, sarauniyarsu ma shaƙa mata aka yi da ta zo haihuwa, namu kuwa sun fi son allura don ta fi araha, wato an raina talaka. Ya yarda cewa a aikin gaggawa barcin yana da haɗari, amma aikin da aka sa wa rana, mace ta kwana ba ta ci komai ba, an tanadi jini, me ya rage na tsoro? Ya rufe da batun kunya, cewa 'yar mutunci ta gwammace a yi komai ba ta sani ba, da ta kwanta tana kallon maza tsaye a kanta. Daga nan ya yi kira ga hukumomin lafiya su mayar da shaƙa iska ƙa'ida a duk fiɗar da aka shirya.

Ban ƙaryata ƙanwarsa ko da kalma ɗaya ba. Abin da ta ba da labari yana faruwa, na gani da idona, kuma abin kunya ne gare mu. Jin ana ja ana turawa ba makawa, don allurar zafi take kashewa, motsi kuwa ana jinsa sama-sama. Laifin shi ne ba a gaya mata tun da wuri ba. In kuwa zafi ta ji, zafin wuƙa, to allurar ce ba ta kama ba, kuma haƙƙin mai tsaye a kanta ne ya gwada kafin a fara, ya tsayar da likita, ya ƙara magani ko ya sumar da ita nan take. Mace ta ce "ina jin zafi" a ce mata "daure, an kusa gamawa", wannan zalunci ne ko a wane asibiti aka yi shi. Sai dai garin gudun gara, Malam ya nufi gidan zago da mu.

Rikicin ya faro ne daga kalmar barci, kuma mu muka cuci kanmu da muka raɗa wa abin wannan suna mai daɗi. Mai barci yana numfashi da kansa, in miyau ya sarƙe shi ya yi tari, in ka taɓa shi ya juya. Wadda aka sumar a ɗakin tiyata ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ga yadda ake yi. A kifa mata abin rufe hanci da baki ta shaƙi oksijin zalla na 'yan mintoci, a zuba mata maganin sumarwa ta jijiya, a bi shi da wani mai kashe duk tsokar jiki, har da wadda take numfashi da ita. Daga wannan daƙiƙar numfashinta ya dawo hannuna. Sai in buɗe bakinta da ƙarfe mai fitila, in hango ƙofar hanyar iska, in zura bututu, sannan a haɗa ta da na'ura mai hura mata oksijin gauraye da iskar da Malam yake yabo, halotan ko aisofuluren ko sebofuluren, wadda za ta riƙe ta a sume har a gama ɗinki. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa ne. Na ɗakin tiyata kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke.

A jikin ƙato mai ƙoshin lafiya da ya zo aikin ƙaba, wannan abu ne na yau da kullum. Mai ciki wata tara daban take. Mahaifa ta tokare huhu daga ƙasa, iskar da ke saura a huhu bayan an fitar da numfashi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ga jikinta yana shan oksijin fiye da da, don numfashin mutum biyu take yi. In numfashi ya tsaya, ɗan lokacin da nake da shi kafin jininta ya fara baƙi gajere ne ƙwarai. Ga kuma kumburi. Yadda ƙafar mai ciki take kumbura har takalmi ya ƙi shiga, haka cikin maƙoshinta yake yi, musamman mai hawan jinin ciki. Naman ya yi taushi, da an taɓa shi sai jini. Wani nazari da aka buga a Birtaniya a 2015, wanda ya tattara rahotanni tun daga 1970, ya nuna cewa a cikin kusan mata 400 da aka sumar don haihuwa akan sami ɗaya da bututun ya ƙi shiga. Yawancin rahotannin kuma daga asibitocin ƙasashe masu hali suka fito. Maƙoshin mai ciki bai san an sa rana ba, Malam. Kumburinsa na ranar gaggawa shi ne na ranar da aka shirya.

Na taɓa tsayawa a kan irin wannan, ba na kuma fatan maimaici. Yarinya ce 'yar ashirin da 'yan kai, aikinta shiryayye, amma ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun yi mata ƙaranci, don haka allurar baya ta haramta gare ta, dole aka sumar da ita. Akwai wata 'yar na'ura da muke maƙala wa majinyaci a yatsa, tana nuna yawan oksijin a jini da lamba, tana kuma yin tit-tit-tit daidai da bugun zuciya. In oksijin yana sauka, muryarta tana yin ƙasa. Na zura ƙarfe na leƙa, ban ga komai ba sai jan nama. Na gyara mata kai na sake leƙawa, haka dai. Lamba ta bar 98 ta dawo 90, ta dawo 82, muryar na'ura tana ta dusashewa, leɓɓan yarinya suka fara yin toka-toka, likitan fiɗa yana tsaye da wuƙa a hannu bai ce uffan ba. Allah ya sa babban likitanmu na sa barci yana ɗaki na gaba. Da gudu ya shigo, ya cusa wata roba da ke zama a bayan harshe, iska ta shiga, lamba ta fara hawa. Duka-duka abin bai kai minti huɗu ba, amma da na cire safar hannu yatsuna rawa suke yi. Ta tashi lafiya da 'yarta. Washegari muka zauna muka gaya mata abin da ya faru, muka rubuta mata a kati saboda gaba. To Malam, asibitocin ƙananan hukumomi nawa ne ke da babban likita a ɗaki na gaba?

Sai maganar kwana da yunwa. Gaskiya ne tana rage haɗari, shi ya sa muke hana ci. Amma duk macen da ta taɓa goyon ciki ta san ƙwarnafi. Sinadaran ciki suna sassauta bakin tumbi, mahaifa tana matsa shi daga ƙasa, ruwa mai tsami yana tasowa ko ba a sa komai a baki ba. In idonta biyu, sai ta haɗiye ko ta yi tari. In a sume take, ruwan yana iya gangarawa huhu ya ƙone shi kamar an zuba ruwan batir. Wani likita a Niyok mai suna Curtis Mendelson ya rubuta wannan tun 1946, bayan ya bi bayanan haihuwa 44,016 ya tarar da mata 66 da abin cikinsu ya faɗa musu huhu sa'ad da aka ba su maganin barci. Har yau da sunansa ake kiran ciwon. Maganin kashe tsami da muke bayarwa kafin a shiga, da danna maƙogwaro da yatsa wanda Brian Sellick ya bayyana a 1961, duk don gudun wannan masifar ake yin su. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar mace da hankalinta da tarinta.

Iskar ita kanta fa? Bayan ƙwaƙwalwa, tana kwantar da tsokar mahaifa, kuma gwargwadon yawan da aka shaƙa gwargwadon sakinta. Bayan an ciro ɗa da mabiyiya, abin da ke tsayar da jini shi ne mahaifa ta dunƙule ta yi tauri kamar goruba. Mahaifar da ta saki kuwa famfo ce. Zubar jini shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma a ƙasar da dangi ke yawo tsakar dare suna neman leda ɗaya ta jini, ban ga hikimar ƙara wa mahaifa kasala ba. Halotan, wanda aka fara aiki da shi a 1956 kuma ya daɗe a asibitocinmu bayan masu hali sun yi ban kwana da shi, ya yi ƙaurin suna a nan. Sannan iskar tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan, ya fito a kasalance, kuka ya yi jinkiri, sai an tsaya a kansa. Ban ce tana lalata masa ƙwaƙwalwa ba, kada a ɗora mini. Babu hujjar da ta nuna 'yan mintocin nan suna yi masa illa mai ɗorewa. Amma yana bukatar hannu a kansa daidai lokacin da uwar ma take bukata, hannuwan kuma a wurinmu ƙidayayyu ne.

Ga inda maganar rahama ta juya wa Malam baya. Saboda tsoron sakin mahaifa da kasalar jariri, mai sa barci yana kaffa-kaffa da yawan magani kafin ɗa ya fito. Wannan ya sa fiɗar haihuwa tana cikin ayyukan da aka fi samun mutum ya farka ana tsakiyar yanka. Babban binciken da likitocin sa barci na Birtaniya da Ayilan suka fitar a 2014 ya sami rahoton farkawa ɗaya cikin kusan 19,000 in aka haɗa dukan ayyuka, amma a fiɗar haihuwa ɗaya cikin 670. A tuna an kashe mata tsoka. Ba ta iya ɗaga yatsa, ba ta iya buɗe ido, ga bututu a maƙoshi. Ƙanwar Malam ta yi magana aka ƙi ji. Wannan ko maganar ba ta da ikon yi. Ita ce rahamar da za a mayar doka?

Labarin sarauniya gaskiya ne, amma rabinsa Malam ya kawo. A 1853 Dokta John Snow ya ɗiga wa Sarauniya Biktoriya kulorofom a hankici tana shaƙa lokacin haihuwar ɗanta na takwas, Leopold. Da kanta ta haihu, ba a yi mata fiɗa ba, kuma kaɗan-kaɗan yake ba ta don rage raɗaɗin naƙuda, ba ta fita hayyacinta ba. A lokacin ma allurar baya ba ta zo duniya ba. Sai a 1898 August Bier ya fara yin ta a garin Kiel na Jamus. In Malam yana son sanin abin da jikokin talakawan sarauniya suke yi yau, fiye da tara cikin goma na fiɗar da aka shirya a Birtaniya ta allurar baya ake yi, kuma hukumar da ke tsara musu ƙa'idojin jinya ta ce ita za a fara miƙa wa mace don ta fi aminci. Su ma talaucin ne ya ishe su? Matar attajiri a Landan ana zaunar da ita ta lanƙwasa baya daidai yadda ake yi wa matar manomi a Gumel. Allurar ta fi araha, ƙwarai kuwa. Ruwan gishiri da sukari ma araha ne, bai hana shi ƙwato yara daga bakin gudawa ba.

Zan ma ba Malam hujjar da bai nema ba. A Amurka tazarar ta ragu sosai: a ƙarshen shekarun 1980 haɗarin mutuwa ta dalilin sumarwa a fiɗar haihuwa ya ninka na allurar baya kusan sau 17, amma zuwa farkon shekarun 2000 ya sauko ƙasa da ninki biyu. Horo da kayan aiki ne suka kawo haka. Mu fa? Nazarin da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2016 kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ya nuna matan da aka sumar sun ninka waɗanda aka yi wa allura kusan sau uku wajen mutuwa. A rage wani abu daga ciki, don sau da yawa wadda ta fi jigata ita ake sumarwa. Abin da ya saura ma ya isa ya hana mutum barci. Mujallar ta sake bugawa a 2019 cewa mutuwa bayan fiɗar haihuwa a asibitocin Afirka ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. A Nijeriya likitocin sa barci ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyarsu ta duniya tana neman aƙalla biyar. A wannan fili Malam yake so a shuka dokarsa.

Ciwon baya shi ne hujjar da ta fi kama zukatan mata, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Allurar ba ta kai tsinken tsintsiya kauri ba. Ana soka ta daidai ƙugu, ƙasa da inda laka ta ƙare, maganin da ake zubawa kuma kusan rabin ƙaramin cokali ne. Cikin minti biyar zuwa goma ƙafafu su yi nauyi, bayan 'yan awoyi su dawo. Wurin yana iya yin tsami kwana biyu ko uku kamar kowace allura. Ciwon baya na shekaru kuwa, binciken da aka yi ta yi bai nuna allurar ce take kawo shi ba. Waɗanda suka haihu a ɗaki kan gwiwa, ba su taɓa ganin allurar ba, su ma suna fama da shi. A tambayi iyayenmu. Mace ta ɗauki ciki wata tara, jijiyoyin ƙugu sun saki, ba ta gama wankan arba'in ba ta koma duƙe tana shara da guntuwar tsintsiya, wanki a tsugune, goyo a baya, bokiti a ka, wani cikin ya biyo tun ba a yi yaye ba. Duk waɗannan an wanke su tas, allurar minti ɗaya ce mai laifi. Da Malam ya rubuta ne cewa magidanta su saya wa matansu tsintsiya mai dogon mariƙi, da ni zan fara sa hannu.

Ciwon kai kam gaskiya ne. Bier da kansa ya ɗanɗana shi, don shi da mataimakinsa sun gwada allurar a jikinsu, ya yi kwana tara a kwance. Yana zuwa ne in ruwan laka ya ci gaba da ɗiga ta hudar. Alamarsa, in mace ta tashi zaune kai ya sara, in ta kwanta ya lafa. Da siririyar allura mai baki irin na fensir, abin yana sauka zuwa ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka. Da tsohuwar mai kauri mai kaifin baki, yana yawa. Yawanci cikin mako ɗaya ko biyu yake tafiya, kuma yana da magani. Ga tambayar da ta cancanci alƙalamin Malam: wace irin allura ake sayo wa asibitocin gwamnati? Shanyewar ƙafa ta dindindin tana iya faruwa, ɗaya cikin dubu gommai, shi ya sa muke gwada jini kafin mu soka. Amma wanda ya taɓa zagaya ɗakin masu yoyon fitsari ya ga mata suna jan ƙafa, ya san abin da ya fi shanye ƙafar mata a Arewa: doguwar naƙuda a gida, kan ɗa ya kwana biyu yana danne jijiya. Fiɗar da aka yi da wuri ce take hana wannan, ita kuma rubutu irin na Malam yake ƙara wa mata tsoronta.

Kada a ce na mayar da allurar baya ruwan zamzam. Ita ma tana kisa. Cikin mintoci tana iya sa jini ya sauka, in ba mai awo minti-minti da maganin ɗaga shi a shirye cikin sirinji, zuciya tana iya tsayawa. In maganin ya haura sama fiye da kima numfashi ya ɗauke, bututun nan dai za a koma wa. Rahotannin binciken mutuwar masu haihuwa na Afirka ta Kudu sun nuna cewa mafi yawan matan da suka rasu ta dalilin maganin tiyata a can allurar baya aka yi musu, galibi a ƙananan asibitoci, a hannun waɗanda suka iya sokawa amma ba su iya ceto ba. Sai dai a duba da kyau a ga wa wannan hujjar ta kayar. Hannun da ya kasa riƙe mace mai numfashi da kanta, shi za a miƙa wa wadda aka ɗauke wa numfashi?

Sumarwa tana da ranarta, kuma a ranar babu kamarta. Wadda jininta ba ya daskarewa ko take kan maganin tsinka jini, wadda jini ya ɓalle mata har ta galabaita, mai ƙurji a inda za a soka, wasu masu ciwon zuciya, wani lokaci wadda mabiyiya ta manne ta ci naman mahaifa ana tsammanin dogon aiki, da wadda aka yi wa allurar ta ƙi kamawa. Haka nan wadda aka zauna aka yi wa bayani dalla-dalla ta ce ita dai ba ta yarda a taɓa mata baya ba. Jikinta ne, ba mai soka mata allura da ƙarfi. Amma daga bakinta za mu ji, ba daga bakin maigida ko shafin jarida ba. Wadda likita ya ce sumar da ita za a yi da dalili, kada rubutuna ya tsorata ta. A hannun da ya iya, da kayan aiki a kusa, lafiya ake tashi.

Batun kunya ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ana kafa labule daidai ƙirji, an lulluɓe mace ko'ina sai inda za a yanka. Sumarwa ba ta rage ko ido ɗaya daga cikin ɗakin. Shaida kawai take ragewa. Hirar ƙwallon da ta ɓata wa ƙanwarsa rai, Malam yana zaton da tana sume fasawa za a yi? Akwai kuma abin da bai sa a lissafi ba. Wadda take farke bakinta yana motsi da salati, ita take fara jin kukan, ta juyo ta ce mini, "Sista, me na samu?" A ɗora mata shi a ƙirji, ya kama nono ya sha dakashi cikin awar farko kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take so. Wadda aka sumar tana farkawa da kaushin maƙoshi da tashin zuciya da zafin ɗanyen ɗinki, an riga an yi wa jariri huɗuba, gwaggonni sun gama musun wa ya ɗebo, ita ce ta ƙarshe da za ta gan shi.

Matsayina bai da lauje cikin naɗi. A fiɗar da aka shirya, muddin babu dalilin da ya hana, allurar baya ce ta farko. Iskar shaƙa tana gefe, an gwada na'urarta tun da safe, tukunyar oksijin a cike, ga wanda ya iya zura bututu tsaye a ɗakin. Tun da gwamnatin tarayya ta yi shelar fiɗa kyauta ga mata marasa hali a Nuwamban 2024, masu shigowa ɗakinmu ƙaruwa za su yi. In Malam zai yi kira, ya kira a horar da masu tsayawa a saitin kai, a sayo siririyar allura da na'urar yatsa da maganin ɗaga jini, a kuma tilasta mana zama da mace tun tana zuwa awo mu gaya mata abin da za ta ji da abin da bai kamata ta ji ba, da cewa in ta ce a tsaya dole a tsaya. Wannan shi ne haƙƙin ƙanwarsa da aka danne.

Matar nan ta ranar Litinin, mun fi rabin awa maigida yana magana ina amsawa, tana zaune tana wasa da bakin mayafi. Daga ƙarshe na ce, "Alhaji, bari mu ji daga mai cikin." Ashe duka biyun ta sani. Ta ce a aikin farko sumar da ita aka yi, sai da dare ta san namiji ta haifa. A na biyu tana ji ya tsanyara kuka. Ta ce allurar take so. Alhaji ya ninke jaridarsa ya mayar aljihu, ya sa hannu yana ƙunƙuni. Ranar Talata, minti kaɗan da yin allurar jininta ya sauka, ta ce amai take ji, na juya mata kai gefe na tura maganin da ke cikin sirinji, ya dawo. Mace ta samu. Ranar sallama Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in bayanta ya yi ciwo ni zai nema. Na gaya masa ranakun da nake aiki.